Dauɗar da ke daskarewa cikin injin tsohuwar mota

Jama'a, ku buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ku leƙa. In kun ga baƙar dauɗa mai danƙo, jinkirin juyen baƙin mai, jabun mai, ko gajerun tafiye-tafiye cikin cunkoso irin na Kawo a Kaduna ne suka jawo.

In ta yi kauri, kada ku zuba maganin wanke inji. Ɓaraguzan da zai ɓamɓaro su ke toshe rariyar famfon baƙin mai, fitilar mai ta kama, inji ya buga. Gara bakanike a kasuwar Panteka ya kwance kaskon ƙasa da baƙin mai ke taruwa a ciki, ya wanke shi da rariyar da kananzir, ya sa sabon gasket, wato abin da ke hana mai yoyo. Sannan a yi juye sau biyu, kowane bayan kilomita 1,000, da sabuwar filta. Daga nan kada a wuce kilomita 5,000 ba a yi juye ba, musamman lokacin ƙurar hunturu.