Injin shara mai yawo da kansa da matsalar dokin ƙofa

Kafin ka kashe kuɗinka a kan wannan ɗan injin, irin su Roomba ko Roborock, ɗauko tef ka fara auna dokin ƙofarka tukuna. Yawancinsu santimita 2 ne iyakar abin da suke iya hawa, in ya wuce haka sai ka ga yana ta dungurin wajen yana ja da baya kamar rago, ko ya hau rabi cikinsa ya maƙale tayoyin na ta juyi a iska.

To mu nan Kaduna ka san yadda magina ke ɗaga bakin ƙofa saboda ruwan damina, wani ma ya kai bulo guda, wannan kam ba dabara, ɗaukarsa za ka yi da hannu ka kai ɗaya ɗakin. Amma in santimita 3 ne zuwa 4, je kasuwar Panteka ko wajen kafinta a yanko maka ɗan katako mai gangare, ya ɗan yi tsawo, kar ya miƙe tsaye, a manna shi kar ya riƙa zamewa.

Tayil da bai zauna daidai ba ba ya damunsa sosai. Ledar ƙasa da bakinta ya naɗe ce matsala, manne ta, tabarma kuwa naɗe abarka kawai. Baƙin kafet ma wani lokacin tsayawa yake a bakinsa, wai a zatonsa rami ne.

Lokacin hunturu kuma riƙa goge idanun da ke ƙarƙashinsa, waɗanda da su yake gane rami, da busasshen ƙyalle, ƙura na rufe su.