Yadda Za Ka Rage Wutar da Kilim Ke Sha a Gidanka a Damagaram

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, za ka ga mutum biyu da na'urar sanyaya ɗaki iri ɗaya, wato kilim, amma takardar kuɗin wuta ta NIGELEC ta ɗayansu ta fi ta ɗan'uwansa nauyi nesa ba kusa ba. Sai a ɗora wa na'ura laifi. Ni kam na daɗe da gamsuwa cewa daga waje ɓarnar take shigowa: rufi, bango, tsakar gida, da irin layin da gidan yake.

Ka fara da tafin hannunka. Bayan sallar isha'i ka zagaya gidan kana dafa bango ɗaya bayan ɗaya. Na yamma za ka ji shi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, domin bulo ya wuni yana shan rana, da dare kuma ya amayar da ita cikin ɗaki. Gwada haka a wani lungu na Birni, can wajen fadar Sarki, ka ji bambanci. Lungunan matsattsu ne, gidaje suna yi wa juna inuwa, bangon ƙasa mai kauri kuwa ba ya barin zafi ya ratsa da wuri. A sababbin unguwanni an yanka tituna masu faɗi ba itace ko ɗaya, ga kwalta, ga siminti, ga kwano. Wanda gidansa ke jingine da manyan duwatsun garin nan shi ma ya san yadda suke huci har tsakar dare. Abin yana damuna, don masu yanka filaye ne ke yanka wa mutane kuɗin wutar shekara da shekaru.

In ba ka riga ka gina ba, ka zauna da magini tun kafin a ja igiya. Dogayen bangaye da manyan tagogi su dubi kudu da arewa, tunda a nan rana kusan ta tsakiyar ka take bi. Gabas da yamma a ƙanƙanta taga, ɗakin kwana kuma kada ya faɗa yamma.

Sai rufi. Kwano a shafe shi da farin fenti, a sa silin, a bar 'yan ƙofofi tsakaninsu don iska mai zafi ta samu mafita.

Daga nan ka nema wa bangon yamma inuwa. Rumfar zana tana aiki tun ranar da aka kafa ta, kafin itace ya girma. Dogon yaro yana da saurin tashi kuma yana jure ƙishi. Ka dasa shi taku biyar ko shida daga gini saboda saiwa. Na san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, amma ruwan alwala kaɗai, in aka tara shi a bokiti, yana raya dashe. Mai babban fili ya tuna da gawo, wanda ke ɗauke da ganyensa da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Kuma don Allah kada a malale tsakar gida kaf da siminti. A bar ƙasa.

Akwatin kilim na waje shi ne ke zubar da zafin ɗakin. In aka cusa shi a matsattsen lungu, ko aka kafa shi a rana tsaka, sai ya riƙa shaƙar hucin kansa yana ƙara jan wuta. Ka ce wa mai haɗawa: "Malam, a kai shi gefen inuwa, inda iska ke wucewa." Bayan ƙurar hunturu a wanke shi.

A cikin ɗaki, ka tsayar da kilim a digiri 26 ka haɗa da fanka. Saukar da shi 16 ba ya sa sanyi ya zo da sauri, hana injin hutawa kawai yake yi. Ragar da ke tace ƙura ka zare ta duk mako biyu ka ɗauraye, ka toshe ƙasan ƙofa ko da tsumma ne. Da asuba, in iskar waje ta fi ta ciki sanyi, ka kashe shi ka buɗe tagogi, sannan ka rufe su da labule mai kauri kafin hantsi.