Yadda ake maganin ciwon damuwa ga wanda giya ta kama

A Damagaram ba a cika kiran abin da sunansa ba. Sai dai ka ji an ce "wane ya lalace", alhali ciwo biyu ne ke cin sa: ga kwalba, ga damuwar da ta raba shi da barci da abinci da shiga mutane. In ɗan'uwanka ne, ga yadda za ku bi.

Da giyar ake farawa, amma ba ta hanyar kulle shi a ɗaki ba. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke rana ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 hannu ya fara rawa, gumi na zuba. A kwana na biyu ko na uku yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, ko ya riƙa gane-gane. Nan ne mutanenmu ke cewa iskoki ne, kuma ana mutuwa a wannan hali. Ku kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin Zinder. Likita kan ba da diazepam na 'yan kwanaki kawai, haɗe da bitamin B1.

Sai a ɗan jira kafin a fara maganin damuwa. Giya da kanta tana kawo damuwa, kuma da yawa suna washewa bayan mako 2 zuwa 4 da dainawa. In damuwar ta riga shan, ko ta ƙi tafiya, ko ya fara zancen kashe kansa, ba sauran jira.

Magungunan damuwa biyu aka fi samu. Fluoxetine ana sha da safe. Amitriptyline da dare, yana sa barci, sai dai a ganina shi ne abin tsoro a gidan mashayi: in ya haɗu da giya ko aka sha da yawa, yana taɓa zuciya. Don haka mutum ɗaya, matarsa ko yayansa, ya riƙe ƙwayoyin ya riƙa miƙa masa na ranar.

Ku faɗa wa likita gaskiya in yana haɗawa da tramol, ko da kunya. Tramol da fluoxetine tare suna iya jawo farfaɗiya. Naltrexone, mai rage kwaɗayin giya, shi ma ba ya shiri da tramol, kuma sai an duba hanta kafin a fara shi.

Maganin damuwa ba farasitamol ba ne; yakan yi mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauƙi. In ya warware, a ci gaba aƙalla wata 6, likita ne zai rage shi sannu a hankali. In ya koma wa kwalba a tsakani, kada ku tsayar da maganin da kanku, ku koma wurin likita da takardar maganin a hannu.