In databes ɗin ofis ya fara jan ƙafa, ga inda za ka fara dubawa

Wallahi abin na min ciwo in shiga ofis in tarar har an sayo sabuwar kwamfuta wai don manhaja ta yi nauyi, kuɗi sun tafi nauyin kuma na nan daram. Kafin ka kashe ko sisi, je ka zauna gaban babbar kwamfutar, wato wadda ainihin fayil ɗin databes ɗin (ma'ajiyar bayanan ofis ta manhajar Microsoft Access) yake ciki, ka buɗe shi a nan. In ya buɗe nan take, amma a teburin akanta sai ya yi ta juyi, to matsalar a hanya take.

Hanya kuwa ko Wi-Fi ne ko kebul. Access ba ya shiri da Wi-Fi sam, saboda kwamfutar kowa ce ke janyo bayanan ta yi lissafin da kanta, siginal na ɗan yankewa aiki ya tsaya, wani lokacin ma fayil ɗin ya lalace. A ja wa kowa kebul, Cat5e ko Cat6. Sannan ka shiga saitin netwok na Windows ka duba gudun layin, in ka ga 100 Mbps maimakon 1000 akwai magana. Na taɓa zuwa wani kyamis da suka yi wata guda suna fama, ashe kebul ɗin ta ƙarƙashin kafet aka bi da shi, ƙafar kujerar mai karɓar kuɗi tana kai kullum har ta tsinka waya ɗaya a ciki. Gigabit, wato gudun 1000 ɗin, sai da wayoyi 8 na cikin kebul ɗin duka, 100 kuwa guda 4 sun ishe shi, shi ya sa layin bai mutu ba sai dai rarrafe. Tsohon suwic, akwatin da kebul ɗin kowa ke haɗuwa a cikinsa, shi ma yana jawo haka.

In a kan babbar kwamfutar ma nauyi yake, buɗe Task Manager na Windows ka kalli diski. Ya maƙale a 100%? Cire tsohon diskin (hard disk) ka sa SSD, diskin zamani mai sauri, a ranar za ka ga bambanci. Ka kuma hana antibairos binciken foldar databes ɗin duk motsi.

Shi kansa fayil ɗin kumbura yake, ko an goge bayanai ba ya raguwa da kansa, iyakarsa kuma 2GB. Bayan an tashi aiki kowa ya fita, ka kwafe shi a filash tukuna, sannan a cikin Access ka danna Compact and Repair. In har yanzu fayil ɗaya kowa ke buɗewa a raba shi biyu, teburan bayanai su zauna a babbar kwamfuta, fom da rahoto kowa da nasa kwafin.

Don Allah a sa wa babbar kwamfutar da suwic ɗin UPS, batirin da ke riƙe su in wuta ta ɗauke, don ɗauke wuta ana tsakiyar shigar da bayani yana lalata fayil, gyaransa kuma ba kullum ake dacewa ba.