Babi na 7: Ɗauko Modul a Zsh Sai Lokacin da Ake Bukatarsa

Darasi na 1

Zsh manhaja ce da ke karɓar umarnin da kuke rubutawa a baƙin allon kwamfuta. Paul Falstad ya ƙirƙiro ta a 1990 yana ɗalibi a Jami'ar Princeton ta Amurka, kuma tun 2019 da ita sababbin kwamfutocin Mac ke zuwa. Ba ta ɗaukar dukkan kayan aikinta idan aka kunna ta. Wasu suna ajiye cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira modul, kamar kayan da mai shago ke bari a sito sai mai saye ya tambaya.

Ku buɗe taminal, wato baƙin allon nan, ku rubuta wannan, sannan ku danna Enter:

zsh -f

Akwai tazara tsakanin zsh da -f. Wannan zai ba ku zsh wadda babu tsarin kowa a cikinta. Umarnin echo da za mu yi amfani da shi yana nuna abu a kan allo. Yanzu ku rubuta:

echo $EPOCHSECONDS

Za ku ga layi wayam, babu komai. Hankalinku ya kwanta, ba ku ɓata komai ba. EPOCHSECONDS suna ne na wata ma'ajiya da ke riƙe da yawan daƙiƙun da suka wuce tun 1 ga Janairu 1970. Tana cikin modul mai suna zsh/datetime, shi kuma yana sito har yanzu.

Darasi na 2

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Umarnin zmodload ne ke kula da ɗauko modul, -ap kuma na nufin a jira sai an kira ma'ajiyar kafin a ɗauko shi. Ku rubuta:

zmodload -ap zsh/datetime EPOCHSECONDS

Ku ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe. Akwai alamar $ a gabanta? Babu. Ku sake dubawa. Babu $.

Ga dalili. Idan kuka sa $ a gaban suna, kuna ce wa zsh: ba ni abin da ke ciki. Idan babu $, sunan kawai kuka ambata. A wannan layi sunan muke so ta riƙe, domin duk ranar da aka kira shi ta je ta ɗauko modul ɗin. Idan kuka sa $, za ta leƙa ma'ajiyar, ta tarar babu komai, sunan ya ɓace kafin ya isa wurin zmodload.

Wata baiwar Allah a ajinmu ta rubuta layin sau huɗu, duk da $, domin hannunta ya saba tun darasin echo. Na ce ta karanta shi da ƙarfi harafi-harafi. Tana kaiwa wurin sai ta yi dariya, ta goge da kanta. Ku ma ku karanta naku da ƙarfi, ba abin kunya ba ne.

Sunan modul ne a farko, sunan ma'ajiya a baya. EPOCHSECONDS duk manyan baƙaƙe. Kuma babu $.

Darasi na 3

Ku rubuta zmodload shi kaɗai. Jerin modul ɗin da aka riga aka ɗauko zai fito, zsh/datetime ba ya ciki. Yanzu ku rubuta:

echo $EPOCHSECONDS

A nan da $, tunda abin da ke ciki muke so. Dogon adadi mai lambobi goma zai fito. Ku sake rubuta zmodload. Ga zsh/datetime ya shigo jerin, ba tare da kun ɗauko shi da hannu ba. Madalla!

Wanda bai ga adadin ba, kada ya ce kwamfuta ce ta lalace. Na faɗa sau nawa? Ya koma layin darasi na 2 ya nemi $ ɗin da ya sa. Haba jama'a, kwafe layi a guje daga littafin maƙwabci ba zai kai ku ko'ina ba.

Darasi na 4

Da kun rufe taminal zsh za ta manta. Ku sa layin darasi na 2 cikin fayil ɗin .zshrc da ke babban folda ɗinku (home), wanda zsh ke karantawa idan kuka buɗe taminal. Da ɗigo a farkon sunan. Babu $.

Darasi na 5

Wasu ma'ajiyu, irin su commands da aliases na modul zsh/parameter, an riga an tsara su ta yadda da zarar an kira su zsh za ta ɗauko modul ɗinsu da kanta. Ku gwada echo $aliases.