Yadda Ake Lissafin Yiwuwa, Daga Ƙwaryar Goro Zuwa Ɗan Lido

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ko NECO ta matso, sai ka ga ɗalibai suna tsallake babin yiwuwa, wanda suke kira furobabiliti, wai yana da wuya. Abin yana damuna ƙwarai, domin a duk lissafin babbar sakandare da wuya ka sami babin da ƙa'idarsa ta kai wannan gajarta. Wajen ƙirga yara ke tuntuɓe, don haka daga ƙirga za mu fara.

Ga ƙwarya da goro takwas a ciki, ja biyar, fari uku, duk girmansu ɗaya. Ka rufe ido ka zura hannu ka ɗauko guda. Mene ne yiwuwar ya zama fari? Da farko ƙirga duk abin da zai iya zuwa hannunka: takwas. Wannan lambar ita ce ta ƙasa. Sannan ƙirga waɗanda tambaya ke nema, wato farare uku, ka ɗora a sama. Amsa ita ce uku bisa takwas, 3/8. Na ja kuwa 5/8. Haɗa su za ka sami 1, domin dole ɗayan biyun ya fito. Duk amsar yiwuwa tana tsakanin 0 da 1. In ka ga ka sami 9/8, koma baya, akwai kuskure.

Amma wannan rabawa tana da sharaɗi: kowane abu da ka ƙirga ya kasance damarsa daidai take da ta ɗan'uwansa. A nan nake so ka tsaya sosai. An jefa ɗan lido biyu, ana tambayar yiwuwar jimlarsu ta zama 7. Ɗalibi mai gaggawa zai ce jimla tana farawa daga 2 zuwa 12, lambobi goma sha ɗaya ke nan, sai ya rubuta 1/11. Ya faɗi. Lambobin nan ba tsara ba ne. Hanya ɗaya tak ake samun 12, shida da shida, alhali 7 tana da ƙofofi da dama. Ɗauki biro ka zana jadawali, gida shida a tsaye, shida a kwance, ka sami gidaje 36. Yanzu nemo bakwai: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, 4 da 3, 5 da 2, 6 da 1. Gida shida cikin 36, wato 1/6. Idan zuciyarka ta ce ai 3 da 4 shi ne 4 da 3, ƙaddara ɗan lido ɗaya ja ne, ɗayan fari. Ja ya ba da uku fari ya ba da huɗu daban yake da akasin haka. Irin wannan ƙirga ta tsanaki ita ce masana biyu na Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu a kanta a 1654, kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse bai ƙare ba, kuma daga nan fannin ya kafu.

Mataki na gaba, karanta tambaya ka ga ko abu biyu ake so su faru tare, wannan da wancan. In haka ne, ninkawa za ka yi. Koma kan ƙwaryar nan: za ka ɗauki goro sau biyu, ana so duka su zama farare. Kafin ka taɓa biro, duba ko an ce a mayar da na farko. Idan an mayar, ƙwarya na nan yadda take, 3/8 sau 3/8, ka sami 9/64. Idan ba a mayar ba, saura goro bakwai, farare biyu, sai lissafi ya koma 3/8 sau 2/7, wato 6/56, a rage shi ya zama 3/28. Kalma ɗaya a cikin tambaya ta sauya amsa, shi ya sa nake roƙon ɗalibai su ja layi a ƙarƙashinta.

Idan kuwa wannan ko wancan aka ce, tarawa ake yi, sai dai a kiyayi ƙirga abu sau biyu. A jifa ɗaya na ɗan lido, yiwuwar samun 2, 4 ko 6 ita ce 3/6, ta samun abin da ya haura huɗu 2/6. Shida ta shiga ɓangarorin biyu, don haka cire 1/6, ya rage 4/6, wato 2/3.

Saura tambayar da ke cewa aƙalla sau ɗaya. Kada ka wahalar da kanka, bi ta bayan gida. Ana neman shida ta fito aƙalla sau ɗaya a jifa biyu: lissafa yiwuwar ta ƙi fitowa sam, 5/6 sau 5/6, wato 25/36, ka cire daga 1, ka sami 11/36. Koma kan jadawalinka ka ƙirga gidajen da shida ta bayyana a ciki, za ka tarar goma sha ɗaya ne cif.