Yadda ake jona fanel ɗin sola idan wasu na kallon gabas wasu yamma

Matsalar da nake yawan gani kenan, rufin gida ba ya isa, sai a ɗora fanel huɗu gabas huɗu yamma, sannan a jona su duka takwas a layi ɗaya, fositif na wannan cikin nagatif na wancan. Wallahi asara ce. A irin wannan jeri karan (wato wutar da ke gudana) ɗaya ke bi ta cikinsu gaba ɗaya, to da safe na yamma ba su samu rana ba sai su danne na gabas, da la'asar kuma abin ya juya, ka ga kullum mai rauni ne ke jan ragama.

Fara duba inbata ɗinka. In tana da MPPT biyu (wato mashigar fanel biyu, kowacce na sarrafa wutar layinta daban) shikenan, gabas a ɗaya, yamma a ɗaya. In guda ɗaya ce kuwa, kowane ɓangare ka yi masa layinsa daban, sai ka haɗa layukan biyu fositif da fositif, nagatif da nagatif, amma fa dole yawansu ya zo daidai, huɗu da huɗu, kuma iri ɗaya, kar ka gwama 550W da 300W.

Lissafin Voc, wato boltej ɗin da fanel ke bayarwa in ba a jona shi da komai ba, kar ka tsallake shi. Fanel 550W yana ba da kusan 50V, huɗu kenan wajen 200V, ka gwada da iyakar da aka rubuta a jikin inbata kuma ka bar rata, don safiyar hunturu sanyi yana ƙara boltej. In layukan da ka haɗa sun kai uku, sa wa kowanne fiyus. Kuma don Allah kashe bireka na DC kafin ka zare MC4, wato filogin da ke jona wayoyin fanel.